Inna, robar nan haramun ce a ɗakin aure?

"Assalamu alaikum Inna. Don Allah ki sakaya sunana. Daga nan Damagaram nake rubuto miki. Shekarata 31, aurena shekara 12, 'ya'yana uku. Maigidana direban babbar mota ne, hanyar Agadas yake bi. Bayan ƙaramar salla ya yi ta ciwo, zawo da zazzaɓi da rama, da aka auna jininsa aka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar sida. Ni ma an auna ni, an ce ba ni da ita. An ɗora shi kan magani, an ba mu kwaroron roba aka ce mu riƙa amfani da shi. Sai ya je ya tambayi yayansa, malami ne mai ba da karatu a unguwarmu, amma bai gaya masa dalilin tambayar ba. Yaya Malam ya ce roba kayan mazinata ne, Turawa suka kawo ta don su ɓata tarbiyya su rage mana haihuwa, maganin sida ɗaya ne, kame kai da tsoron Allah. Maigida ya dawo ya jefa robar a masai. Wata biyu ke nan ina guje wa shimfiɗarsa, yana ce mini mala'iku suna tsine mini. Ga amaryarmu da cikin wata biyar, ba ta san komai ba, ya hana ni faɗa mata. Inna, wa zan bi, malami ko likita? Ina cikin zunubi ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata.

Ba ki cikin zunubi. Da wannan na fara don ki samu ki runtsa yau da dare. Hadisin da maigida yake tsoratar da ke da shi ingantacce ne, ba na musun sa, amma malamai sun yi masa bayani tun da daɗewa: tsinuwar tana kan macen da ta ƙi mijinta ba tare da uzuri ba, don raini ko don gayya. Mai haila tana da uzuri, marar lafiya tana da uzuri, to ina ga wadda take tsoron ɗaukar cutar da za ta zauna a jininta har ƙarshen rayuwarta? Ke ba mijinki kika ƙi ba. Kin ce masa ya zo da kariya, shi ne ya jefa kariyar a masai.

Sai maganar wa za ki bi. Ni da na duba wasiƙarki ban ga inda malami da likita suka saɓa a kanki ba, domin Yaya Malam bai taɓa jin tambayarki ba. Tela aka kai wa yadi aka ba shi awon wani mutum daban, ya ɗinka daidai awon da aka ba shi, aka kawo miki rigar aka ce dole ki sa. Maigida ya je ya ce, "Malam, mene ne hukuncin roba?" Me kike zato ya zo wa Malam a rai? Samarin da ke zaman fada har tsakar dare, 'yan matan da ake ɗauka a kabu-kabu bayan isha, tallan da yake ji a rediyo yana ɓata masa rai. Su ya ba amsa. Da ƙanensa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, an auna ni ina da ciwon, matata ba ta da shi, amaryata tana da ciki," da wuya ƙwarai ki ji amsar da kika ji. Fatawa tana bin tambaya ne, wanda ya rage tambaya ya rage wa kansa amsa.

Ba na so ki raina Yaya Malam, domin akwai gaskiya mai nauyi a bakinsa. Allah ya ce kada ku kusanci zina, a Suratul Isra'i aya ta 32, kuma duk likitan duniya ya yarda cewa saurayi ko budurwar da suka kame kansu ba za su ɗauki wannan cuta ta hanyar saduwa ba. Babu robar da ta kai wannan kariya. Ni ma abin da na gaya wa 'ya'yana ke nan, shi nake gaya wa jikokina. Tsoron malamai shi ne idan aka riƙa miƙa wa yaro roba kamar alewa, za a cire masa kunyar abin, ya ɗauka laifin zina ciki ne da ciwo kawai, in an kauce musu shi ke nan. Wannan tsoro ba shirme ba ne. Zargin da suke wa abin da ke fitowa daga waje shi ma ruwa ne da bai yi tsami banza ba. Nan kusa da mu a Kano, a 1996, wani kamfanin magunguna na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara masu sanƙarau, aka shafe shekaru ana shari'a. Wanda ya ga haka dole ya riƙa duba kwalin da aka miƙo masa sau biyu.

Amma wa'azin kame kai yana da inda ya tsaya, kuma a bakin ƙofar ɗakinki ya tsaya. Ke kin kame kanki. An ɗaura miki aure kina da shekara 19, kin zauna, kin haihu, kin tsare mutuncin gidan mutum yana can tsakanin Tanut da Aderbisinat. Duk abin da wa'azin ya nema kin yi, ga shi ciwon ya iso har gefen katifarki. Idan aka ce miki maganin sida kame kai ne, daga wa za ki kame? Daga mijinki na sunna? To abin da kika yi wata biyu ke nan, kuma shi ne ake ce miki mala'iku suna tsine miki a kansa. An hana ki roba, an hana ki ƙauracewa. Abin da ya rage shi ne ki miƙa jikinki ga ciwon kina gani, kuma babu malamin da ya san Allah da zai ce miki wannan shi ne addini.

Na daɗe ina aikin ungozoma kafin in ajiye. Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Ta zo awon ciki na fari, da hijabinta har ƙasa, lallen biki bai gama fita daga farcenta ba. Da na kira ta ɗaki na gaya mata sakamakon jininta, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Inna, ni da ko kasuwar Dole ban taɓa zuwa ba sai da izini?" Ta ɗauka kuskure aka yi, domin tun tasowarta abin da take ji shi ne ciwon na mazinata ne. Hannunta yana kan cikinta tana murza bakin hijabi har ya jiƙe da gumi. Mijinta ya san halin da yake ciki tun kafin aure, ya yi shiru don kunya. Irinta na gani ba ɗaya ba, ba biyu ba. Tun daga lokacin nake jin zafi idan an haɗa sunan ciwon nan da zina kamar tagwaye, domin matan kulle da jarirai su ne suke biyan bashin wannan magana.

Kuma kada ki ɓata daren ki wajen tono inda maigida ya samo shi. Saduwa ita ce babbar hanya, gaskiya ne, amma akwai ƙarin jinin da ba a tantance ba, akwai allurar da aka yi wa mutum da yawa da ita, akwai aska, akwai auren da mutum ya taɓa yi a baya. Ƙwayar tana iya shekara takwas ko goma a jiki mutum yana harkarsa garau. Tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ya shafe ki shi ne daga yau zuwa gaba.

Bari in gaya miki abin da fiƙihunmu ya tanada, ki riƙe shi. Sahabbai sun kasance suna yin azalu, wato namiji ya janye kafin ya zubar da maniyyi a cikin matarsa. Jabir ɗan Abdullahi ya ce suna yi alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma Buhari da Muslim duk sun ruwaito. A mazhabarmu ta Malikiyya azalu ya halatta idan matar ta yarda. Malamai da yawa na wannan zamani a kan wannan suka auna kwaroron roba tsakanin miji da mata, tunda aikinsu ɗaya ne, hana maniyyi isa. To idan ya halatta don tazarar haihuwa da yardar mace, yaya zai haramta don tsare ranta, alhali ita ce ma take roƙo? Ga kuma hadisin da duk ɗan makarantar zaure ya haddace, "La darara wa la dirara," ba cuta ba cutarwa. Ga aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya tare da masu lafiya. Addinin da ya kula da lafiyar raƙumi haka, ba zai saki uwar 'ya'ya uku ba.

Idan maigida ya ce miki ai ciwo ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa, ki tuna masa da Sayyidina Umar. Yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Direba ya fi kowa sanin wannan. Ba ya tashi Agadas sai ya duba taya da birki da ruwa, ya ɗauki safaya, sannan ya yi addu'ar hawa mota. Ban taɓa jin direban da ya ce duba birki rashin tawakkali ne ba.

Manyan malaman duniya ma sun zauna a kan wannan ciwo. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya mai mazauni a Jidda, a zamanta na Abu Dhabi a 1995, ta yanke cewa ba a ware mai ciwon daga jama'a tunda ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko zama tare, ta ce sa wa wani ciwon da gangan haramun ne, ta kuma ce mace tana da haƙƙin neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da shi. Ba ina tura ki neman saki ba ne. Ina nuna miki cewa shari'ar da ta ba ki damar fita gaba ɗaya ba za ta hana ki abin da bai kai haka ba, wato ki zauna da mijinki cikin kariya.

Gardamar nan ba a Damagaram aka fara ta ba. A Uganda, lokacin da ciwon yake kwasar mutane gida-gida, ƙungiyar likitoci Musulmi ta ƙasar ta fara aikin wayar da kai ta hannun limamai a 1992. A shekarar farko ba a sa maganar roba ba sam, domin malamai sun ƙi. Aka ci gaba da zama ana tattaunawa, limaman da kansu suna wanke gawarwakin mabiyansu suna ganin zawarawa da marayu, daga baya suka yarda a yi bayanin roba a cikin iyakar aure. A Senegal shugabannin Musulmi sun yi babban taro a kan ciwon a 1995, suka ci gaba da wa'azin kame kai da riƙon amanar aure, ba su kuma tare hanyar ma'auratan da ɗayansu ke da ciwon ba. Ko Kiristoci sun sha wannan muhawara. Fafaroma Benedict na 16, a kan hanyarsa ta zuwa Kamaru a 2009, ya ce raba roba ba zai warware matsalar ba, yana ma iya ƙara ta, aka yi ta ce-ce-ku-ce a duniya. A 2010 kuma ya ce akwai halin da amfani da ita don kada a sa wa wani ciwo zai iya zama matakin farko na ɗaukar alhaki. Duk inda mai addini ya zauna gaba da gaba da mace irinki, maganarsa takan yi laushi.

A ƙasarmu Nijar an fara gano ciwon a 1987. Binciken ƙasa na 2006 ya samu kimanin mutum 7 cikin 1,000 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da shi, na 2012 ya samu 4 cikin 1,000. Kaɗan ne idan aka gwada da kudancin Afirka, alhamdu lillahi, kuma tarbiyya da kaciya suna da hannu a wannan. Sai dai ƙarancin nasa shi ya sa wanda ya kamu yake jin kamar shi kaɗai ne a gari, ya ɓuya, ya yi shiru, shirun ya ci iyalinsa. Kaciyar ma da wasu maza ke tinƙaho da ita, abin da aka tabbatar shi ne tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100. Ba ta tsare matar wanda ya riga ya kamu.

Yanzu ga ɓangaren likita, zan gaya miki shi ba ƙari ba ragi. Kwaroron roba ba katangar ƙarfe ba ce. A binciken da aka yi kan ma'auratan da ɗaya ke da ciwon ɗaya ba shi da shi, waɗanda suka ce suna amfani da ita kullum haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 80 cikin 100. Ragowar galibi daga kuskuren hannu take: an manta ran nan, an sa a makare, ta fashe, ta zame. Shi ya sa yadda ake riƙe ta yake da muhimmanci, musamman a garinmu mai zafi. Robar da ta kwana a aljihun mota a watan Afrilu, rana tana dukan gilashi, ta riga ta lalace ko da ledarta ba ta huje ba. A ajiye ta a inuwa, cikin akwatin tufafi. A duba ranar ƙarewar aikinta a jikin leda. Kada a yage ledar da haƙori ko reza. A matse ɗan bakin nan don iska ta fita, a sa tun kafin a fara, a cire da an gama, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Abin da na fi ganin mata suna kuskure a kai shi ne mai: man kaɗanya, basilin, man gyaɗa, man shafawa, duk suna cinye robar cikin ɗan lokaci ta fashe. Idan akwai bushewa ki tambayi ma'aikaciyar lafiya mai na ruwa da aka yi don haka. Ba sai kin koma asibiti neman wata ba in kina jin nauyi, akwai robar da ake kira Foula a shagunan magani da kantuna, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Amma babban labarin da nake so ki kai wa maigida, wanda nake ganin shi zai sauko da shi, yana cikin kwalbar maganin da aka ba shi. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Ba ya fitar da ciwon daga jiki, amma yana danne ƙwayar cutar har na'urar awo ta kasa ganinta a jini, galibi cikin wata uku zuwa shida ga wanda ba ya tsallake rana. A 2011 wani babban bincike a kan ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, ciki har da Malawi da Kenya da Zimbabuwe, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar ciwon ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. A 2016 wani binciken a Turai ya bi ma'aurata 888 da suka sadu kimanin sau 58,000 ba roba, mai ciwon yana kan magani jininsa ya nuna ƙwayar ta kwanta, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ma'anar wannan a gidanki ita ce robar ta ɗan lokaci ce. Ya sha maganinsa kullum, bayan wata shida a auna yawan ƙwayar a jininsa, likita ya duba takardar ya ce ta kwanta, sannan ku zauna da likitan ku yi maganar ajiye roba, har da maganar ƙarin haihuwa idan kuna so. Wanda ya ce abin nan makircin hana haihuwa ne, ga amsarsa: ma'aurata irinku suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu.

Sharaɗin dai shi ne kullum, kuma nan nake jin tsoron aikinsa. Direba yakan tashi da niyyar kwana biyar ya yi kwana ashirin, mota ta lalace a daji, ko a tsaya jiran rakiya. Wasu kuma suna kankare takardar jikin kwalbar ko su bar ta a gida don kada yaran mota su gani. Idan magani ya yanke ƙwayar takan farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin. Ya gaya wa masu ba shi magani irin sana'arsa, ya nemi na watanni a haɗe. Ke kuma ki sa kwalbar cikin jakar tafiyarsa da hannunki, kusa da carbi da buroshi, ki ɗaura masa shan ta da wata salla da ba ya bari ta wuce shi. Rubutu da addu'a da habbatus sauda ba wanda ya hana, amma duk wanda ya ce masa ya ajiye ƙwayar asibiti ya warkar da shi, to kabari yake haƙa masa.

Ke ma akwai abin da ya rage miki. Awon farko ba ya kama ciwon da aka ɗauka kwanan nan, don haka ki koma a sake auna ki idan an cika wata uku da saduwarku ta ƙarshe. Ki tambaye su kuma maganin kariya da ake ba wanda ba shi da ciwon amma yana zaune da mai shi. Idan kuma wani dare ya fi ƙarfinki, ko roba ta fashe, kada ki zauna kuka a ɗaki. Akwai maganin gaggawa na kwana 28 da ke hana ciwon kama jiki, amma dole a fara shi kafin awa 72, kuma gara a ranar. Ki nufi inda aka auna ku ko babban asibitin Damagaram da sassafe. Yaranki kuwa ki kwantar da hankalinki, su ci tuwo kwano ɗaya da babansu, ya ɗauke su, ya rungume su. Reza da buroshi kawai kowa ya riƙe nasa.

Saura maganar da ta fi hana ni sukuni, amaryarku. Kin rubuta ta a layi ɗaya, amma ita ce ta fi gaggawa a duk wasiƙar. Ke kin sani kin kauce, ita ba ta sani ba, kuma ina kyautata zaton ranakun girkinta suna tafiya yadda aka saba. Rai biyu ne a nan. Uwa mai ciwon da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 suna ɗauka, a ciki ko wurin haihuwa ko ta nono. Idan tana shan magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Kowane mako da ya wuce a cikin wata biyar ɗin nan asara ne. Mai yiwuwa ma ba ta kamu ba tukuna, kamar yadda Allah ya tsare ki, to kin ga shirun da ake yi shi zai sa mata. Na san kishi, na san abin da za a ce idan magana ta fito daga bakin uwargida, za a ce baƙin ciki ne, so kike ki kore ta. Shi ya sa nauyin faɗa yana wuyan maigida. Amma umarninsa na ki yi shiru ba ya ɗaure ki har abada, domin ba a yi wa miji biyayya a kan cutar da wani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ɗiyata, kuma abin da ke cikinta ƙanen 'ya'yanki ne.

Ga yadda nake ganin za ki ɓullo masa. Kada ki tayar da maganar a shimfiɗa, lokacin da ransa yake a ɓace yana jin an ƙi shi. Ki bari da hantsi, yara sun tafi makaranta, ya karya kumallo. Ki fara da abin da yake tsoro, domin mutumin nan a tsorace yake: yana tsoron mutuwa, yana tsoron a ji a tasha, yana tsoron ku gudu ku bar shi. Faɗan roba da maganar mala'iku duk rigar tsoron nan ce. Ki ce masa, "Maigida, ina nan, ba inda za ni, asirinka asirina ne. Abu biyu nake roƙo. Mu koma likita tare ka ji da kunnenka wata nawa ya rage, kuma amarya ta je a auna ta cikin makon nan." Ki nuna masa cewa idan ku duka kuka kwanta, wa zai riƙe yaran? Ma'aikatan da ke ba shi magani sun saba da wannan, suna zaunar da miji da mata su faɗi maganar ta hanyar da gida ba zai watse ba, kuma aikinsu ya hana su fitar da sirri.

Idan zuciyarsa ba za ta natsu ba sai da bakin malami, wannan ba laifi ba ne, ya ma nuna yana da tsoron Allah. Sai dai a wannan karon a yi tambayar cikakkiya. In yana jin kunyar yayansa, Damagaram ba ta rasa malamai ba, daga Birni har Zango har Garin Malam. Ya je inda ba a san shi ba, ko ya ce wani abokinsa ne: miji yana da ciwon, mata ba ta da shi, likita ya ce a yi amfani da roba har magani ya kama, mene ne hukunci? Ya ƙara da tambaya ta biyu: ya halatta ya ɓoye wa matarsa mai ciki? Ina da yaƙinin abin da zai ji.

In kuwa duk an yi wannan ya kafe, ba roba, ba likita, ba gaya wa amarya, to lokacin shigo da babba ya yi. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri a cikin waliyyanki, mahaifinki ko kawunki, ki gaya masa. Ki sanar da maigida tun kafin ki je, don kada ya ce kin ci amanarsa. Idan ya kai ga duka ko tilastawa, ki tafi gida, kuma ƙofar alƙali a buɗe take.

Amarya kuwa ba sai an jira duk wannan ba. Awon ciki haƙƙinta ne, kuma a wurin awon ana yi wa mata gwajin wannan ciwo. Gobe ki tambaye ta katinta, ki ga yaushe ta je na ƙarshe. Ki ce za ki raka ta, ki biya kuɗin kabu-kabun in ya kama, ki ce mata duk awon jinin da aka ce a yi ta yarda a yi. In kin samu keɓewa da ungozomar, ki gaya mata a duba yarinyar nan da kyau, kuma a sake auna ta kafin haihuwa ko da na farko ya fito lafiya. Ki sake rubuto mini bayan an auna ta, da naki sakamakon na wata uku. Ina sa ku a addu'a ku duka, har da shi maigidan, Allah ya ba shi lafiya ya sauki amarya lafiya.

Taki,
Inna